Tashhiri Kafin Hukunci

Duk wanda ya saba kallon labarun Télé Sahel da maraice ya san wani hoto da ba ya sākewa sai fuskokin da ke cikinsa: tebur a farfajiyar komisariya, an baje ƙwayoyin tiramadol da ƙullin tabar wiwi da wayoyin salula a kansa, samari a tsugune a baya, ankwa a hannu, kai a sunkuye, sa'an nan babban jami'i ya matso ya bayyana yadda dubunsu ta cika. Kafin gari ya waye an tattauna zancen a rumfunan babbar kasuwar Maradi an kuma yanke hukunci, alhali kuwa alƙali bai ko buɗe takardar ƙarar ba.

Malamanmu na fiƙihu suna da suna ga wannan aiki, watau tashhiri, kuma abin da ya kamata mai hankali ya lura da shi shi ne, a wurinsu tashhiri uƙuba ce mai zaman kanta, wadda alƙali kaɗai ke da ikon zartarwa bayan hujja ta tabbata. Mai shaidar zur ne aka fi sani da ita a mazhabar Malikiyya, domin shi ake shelantawa a bainar jama'a don kada a sāke karɓar shaidarsa. To, idan tona asirin mutum horo ne, da wane iko na'urar ɗaukar hoto ta hori wanda ba a saurari uzurinsa ba? Na san hujjar jami'ai, kuma ba hujjar banza ce ba: suna so talaka ya ga ana aiki, ɓarawo kuma ya ji tsoro. Amma tsoratar da mai laifi da fuskar wanda wataƙila ba shi da laifi zalunci ne, ko da niyyar mai yin sa ta yi kyau.

Rediyo ya ɗan fi sauƙi, tun da murya ba ta nuna fuska, kuma ɗan jarida a gida irin su Anfani yana da shugaba da zai tuhume shi. Wayar salula ita ce ba ta da mai tsawata mata. Tun daga 2019, lokacin da ta'asar 'yan bindiga ta koro dubban mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina zuwa jihar Maradi, satar shanu da sace mutane don kuɗin fansa suka addabi ƙauyukan Madarumfa da Gidan Rumji, kalmar infoma ta zama abin da saƙon murya guda a WhatsApp kan liƙa wa mutum, kuma wanda aka liƙa wa, ko rantsuwa da Alƙur'ani ba ta cika wanke shi ba. Suratul Hujurati ta yi umarni da a binciki labari kafin a yi aiki da shi, Suratun Nur kuma ta ɗora alhakin ƙiren ƙaryar da aka yi wa Nana A'isha har a kan waɗanda suka karɓa da harshe suka miƙa gaba. Gwamnatin Nijar ta yi dokar laifuffukan intanet a 2019, a 2024 aka maido da ɗauri kan ɓata suna bayan an taɓa cire shi, sai dai dokar ta fi saurin motsi idan sunan babba aka taɓa.

Kafofin ƙasashen waje kuwa nasu ciwon dabam ne. Lokacin shari'ar Amina Lawal a 2002, matar da wata kotun shari'a a jihar Katsina ta yanke wa hukuncin rajamu, duniya ba ta ji kome ba sai rajamu, aka zana shari'ar Musulunci tamkar ba ta san rahama ba. Da kotun ɗaukaka ƙara ta Katsina ta sallame ta a watan Satumba na 2003, kaɗan ne suka tsaya bayyana cewa daga cikin fiƙihun Malikiyya hujjojin suka fito, kamar halaccin janye iƙirari da mas'alar kwantaccen ciki.

Abin da dukkansu suka haɗu a kai shi ne son kamu da ƙin sauraron ƙarshen zance. A fadar Sarkin Gobir a Tibiri ana sulhunta manomi da makiyayi a kan ɓarnar gona, a ƙiyasta diyya, kowa ya koma gida da mutuncinsa; a filayen noman rani na Jiratawa dattawa kan kashe rigimar rabon ruwa tun ba ta kai ga jandarma ba. Waɗannan ba su zama labari, domin babu ankwa a cikinsu. Haka kuma saurayin da aka nuna a tsugune, idan ya shafe watanni yana jiran shari'a a gidan kason Maradi, alƙali ya duba bai sami hujja ba ya sake shi, babu ɗan jaridar da ke jiransa a bakin ƙofa, kuma iyayen yarinyar da yake nema sun riga sun mayar da kayan.