Ɗan Jagora a Shagon Intanet

Wanda ya taɓa tsayawa ya kalli makaho da ɗan jagoransa a bakin kasuwa ya san aikin yaron ya wuce nuna hanya. Shi ke ƙirga kuɗi, shi ya san gidan da aka shiga da abin da aka karɓo. Makaho ba ya da sirri a gaban mai riƙe masa sanda. Ga shi kuma yaron a aji ya kamata a same shi a wannan lokacin.

Wayar hannu ta so ta sallami ɗan jagora. Android na da TalkBack, iPhone na da VoiceOver tun 2009, a kwamfuta kuma akwai NVDA, wadda wasu makafi biyu 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, suka ƙirƙira, tun 2006 ake samunta kyauta. Manhajar kan karanta wa mutum abin da ke kan allo da murya, ya aika saƙonsa, ya duba asusunsa, ba wanda ya ji.

Sai an zo shafin hukuma tafiyar ke tsayawa. Za a ɗauki ma'aikata, sai a buga sanarwa a takarda, a sa hannu, a danna hatimi, a ɗauki hotonta a ɗora. Mai ido ya karanta ya wuce. Manhaja kuwa rubutu take nema, sau da yawa iyakar abin da za ta ce shi ne akwai hoto a nan. In ya lallaɓa ya kai ga fom, gurabun ba su da suna, bai san inda ake son ranar haihuwa ba. A ƙarshe a ce ya zaɓi hotunan da ke da fitilar titi don ya tabbatar shi mutum ne! Dole ya nufi shagon intanet, ya faɗi lambarsa ta NIN da kalmar sirrinsa da babbar murya, layi na saurare.

Maganar ba sabuwa ba ce. A shekarar 1999 wani makaho, Bruce Maguire, ya kai ƙarar masu shirya wasannin Olamfik na Sidni saboda shafinsu ba ya karantuwa gare shi. Suka ce gyaran zai ci kuɗi da lokaci. Hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta ƙasar ba ta karɓi uzurin ba, aka ce su biya shi dalar Ostireliya 20,000.

A Najeriya an sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman a Janairun 2019, aka ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara mashigarsu. Yanzu kuwa ofisoshi da yawa sun koma cikin waya. Ƙa'idojin gina shafin da kowa zai iya amfani da shi, WCAG, suna nan tun 1999. A ganina a rubuta su cikin takardar kwangila, kuma kada a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa sai an zaunar da makaho ya cika fom ɗin shi kaɗai har ya tura.