Auren Mutu'a da Haƙƙin Macen da Aka Bari

Duk mai son yin magana a kan auren mutu'a ya kamata ya fara da abin da babu jayayya a kansa: an yi wannan aure a zamanin Manzon Allah (SAW), kuma da izininsa aka yi. Buhari da Muslim sun kawo daga Abdullahi ɗan Mas'ud cewa sukan fita yaƙi ba mata tare da su, abin ya tsananta har suka nemi izinin fiɗiye kansu. Annabi ya hana su, sannan ya yi musu rangwame su auri mace zuwa wani lokaci ƙayyadadde, ko da tufa ɗaya ce sadakin. Na fara da wannan ne don na sha jin matasanmu, in musu ya yi zafi, suna cewa 'yan Shi'a ne suka ƙago mutu'a. Ba su ba ne. Inda muka rabu da su shi ne: rangwamen nan yana nan ko an janye shi? In an janye, Annabi ne ya janye ko Sayyidina Umar?

Ni malamar Islamiyya ce, matan aure da zawarawa nake karantar da Risala ta Ibn Abi Zaid. A babin aure, malamin ya jera mutu'a cikin auren da ba ya halatta, tare da auren musaya, da aure ba sadaki, da aure cikin idda. A layi ɗaya ya gama da ita, kuma iyayenmu layin nan ya ishe su. Ɗalibaina na yau kuwa kowacce da wayarta a hannu, sun ji wa'azin wannan sun ji martanin wancan. In ban ba su hujja ba, wani zai ba su tasa.

Hujjar Ahlus Sunna tana cikin hadisan da suka ce Annabi da kansa ya rufe ƙofar. Muwaɗɗa da Buhari da Muslim duk sun ruwaito daga Sayyidina Ali cewa an hana mutu'a ranar Haibar, shekara ta 7 bayan hijira, tare da cin naman jakin gida. Muslim ya kawo labarin Sabrata Aljuhani a shekarar buɗe Makka, ta 8. Shi da wani ɗan uwansa suka je wa wata mata ta Banu Amir, kowa da mayafinsa a matsayin sadaki. Na ɗan uwan ya fi kyau, shi kuwa Sabrata ya fi ƙuruciya. Ta dubi mayafin, ta dubi saurayin, ta zaɓi saurayin. Kwana uku suka yi, sai Annabi ya sanar cewa Allah ya haramta wannan aure har ranar ƙiyama, duk mai irin wannan mata ya sallame ta, kada ya karɓe komai daga abin da ya ba ta. Imam Nawawi ya haɗa ruwayoyin ya ce sau biyu aka halatta, sau biyu aka haramta, na ƙarshen kuma shi ne na dindindin. A kan haka mazhabobin nan huɗu suka tsaya.

'Yan Shi'a Imamiyya su ma ba da ka suke magana ba, kuma adalci ne a faɗi hujjarsu yadda suke faɗinta. Suna kafa hujja da aya ta 24 a Suratun Nisa'i, wadda ta yi umarni a ba mata ladansu saboda daɗin da aka ji da su, suna ƙarfafa ta da wata ƙira'a da aka jingina wa Ibn Abbas da Ubayyu ɗan Ka'ab mai ƙarin ambaton ajali. Suna kawo maganar Jabir ɗan Abdullahi a cikin Muslim, cewa sun yi mutu'a a kan damƙin dabino ko gari a zamanin Annabi da na Abubakar, har Umar ya hana. Suna tuna mana cewa Ibn Abbas ya daɗe yana fatawa da halaccinta a Makka, har Abdullahi ɗan Zubair ya yi masa kakkausar magana. Sannan su ce, yadda ruwayoyin hanin suka saɓa, wannan ya ce Haibar, wancan ya ce Makka, wani ya ce Auɗas, alama ce ta rashin tabbas. A wurinsu Umar ne ya hana, kuma halifa ba shi da ikon haramta abin da Annabi ya halatta.

Na auna duka biyun, kuma zuciyata ta natsu da maganar jamhurun malamai masu haramtawa. Ayar Nisa'i ta zo ne bayan jerin matan da aka haramta aurensu, a cikinta kuma an ambaci neman kamewa, don haka mafi yawan masu tafsiri suka fahimce ta a kan cika sadaki bayan tarewa. Maganar Jabir tana nuna cewa akwai waɗanda hanin bai kai gare su ba, abin da ba baƙo ba ne a zamanin da labari a baki yake tafiya. Ibn Majah ya ruwaito cewa da Umar ya yi huɗuba a kan lamarin, ga Annabi ya jingina hanin. Sahabban da ke zaune a gabansa sun taɓa ja da shi a kan abin da bai kai wannan ba. Ga kuma Zaidiyya ta Yaman, su ma 'yan Shi'a ne masu ƙaunar gidan Ali, amma sun haramta mutu'a, kuma daga Ali suke ruwaito haramcin.

Abin da ya fi tsaya min a rai, a matsayina na mace, shi ne ƙa'idojin auren kansu kamar yadda fiƙihun Ja'afariyya, wato na Imamiyya, ya tsara. Dole a ambaci sadaki da ajali, ko na yini ne ko na shekaru. Ba a sharɗanta shaidu. Babu saki, lokaci na cika aure ya ƙare. Ciyarwa ba ta hau kan miji ba sai in an sharɗanta. Ba gado tsakanin ma'auratan. Namiji zai iya yi da mata fiye da huɗu. Ita kuwa sai ta yi idda, jini biyu ko kwana 45. Ɗan da aka haifa halastacce ne a wurinsu, yana gadon ubansa, kuma manyan malamansu irin su Ayatullahi Sistani sun ce budurwa sai da izinin uba. To amma a duba da kyau: kusan duk nauyin da aure ke ɗora wa namiji an sauke masa, wanda ke kan mace kuwa, idda da ciki da goyo, yana nan daram. In ba shaidu, ya ce bai san ta ba, wurin wa za ta kai ƙara? A Muwaɗɗa, abin da ya fito da Umar a firgice yana jan mayafinsa shi ne labarin da Haulatu 'yar Hakim ta kawo masa, na wata mata da aka yi mutu'a da ita ta ɗauki ciki. A 2019 sashen Larabci na BBC ya bankaɗo wasu masu rawani a Iraƙi suna ɗaura wannan aure da ƙananan yara don kuɗi. Ofishin Sistani ya yi tir da su, kuma ba a hukunta mazhaba da laifin miyagunta, amma auren da ba shaida ba rajista mafaka ce mai sauƙi ga irinsu. Alƙur'ani ya kira aure alkawari mai nauyi, ya ce an yi shi don natsuwa da ƙauna da jinƙai. Na kasa ganin yadda natsuwa za ta zauna a ɗakin da aka riga aka sa ranar fita.

Sai dai wata ɗalibata ta hana ni tsayawa a nan. Bazawara ce da ba ta kai shekara 25 ba. Bayan an tashi ta jira kowa ya fita, ta durƙusa gefen tabarmata.

"Malama, ni aurena da waliyyi da shaidu aka ɗaura shi, aka raba goro da alawa. Babana sai da ya sayar da raguna ya yi min kayan ɗaki. Aiki ne ya kawo mutumin garin nan. Da aka sauya masa wuri, wajen mai gidan haya ya bar min takardata. Ashe hayar ma ta wata shida kawai ya biya. Daga baya muka ji haka ya yi a garin da ya baro."

Na ce, "Sannu, 'yata. Allah ya isar miki."

Ta ce, "Amin, Malama. Amma ita mai mutu'a ai an gaya mata ranar. Ni ba a gaya min ba. Wa aka fi cuta?"

Malamai sun san wannan mas'ala, aure da niyyar saki. Ibn Ƙudama ya ce mafi yawansu sun inganta ɗaurin, domin alƙali zahiri yake hukuntawa. Auza'i ya ce mutu'a ce kawai. Imam Malik ya ce wannan ba ɗabi'ar mutanen kirki ba ce. A 2006 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta hana shi saboda yaudarar da ke ciki. Ingancin ɗauri a gaban alƙali daban, kuɓuta a gaban Allah daban. Mu kuma a nan muna da auri-saki, muna da auren kisan wuta wanda Annabi ya la'anci mai yin sa da wanda aka yi dominsa. Yawan zawarawa ne ya sa Hukumar Hisba ta Kano ta fara aurar da su a tare tun 2012. Waɗannan mata ba mutu'a ce ta mai da su gidan iyayensu ba.

Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Na yi imani mutu'a haramun ce, haka nake karantarwa, kuma ba na jin kunyar faɗa. Amma wanda ya gane dalilin hanin ba zai mai da shi abin gori ga maƙwabcinsa ɗan Shi'a ba alhali shi yana sauya mata duk shekara. Ina roƙon malamanmu masu hawa mumbari su ba auri-saki irin zafin da suke ba mutu'a. Waliyyai kuma su daina jin nauyin tambayar mai neman 'yarsu mata nawa ya saka, da dalilin sakin, su aika a bincika garin da ya fito kafin su karɓi sadaki. Shari'ar da ta hana a rubuta ajali a takarda ba ta yarda a ɓoye shi a zuci ba.