Me Ke Cika Jirgi?

Akwai wani irin jirgin ruwa a duniya wanda yawancinmu ba mu taɓa gani ba, amma labarinsa yana da abin koya mana. Ba jirgin kaya ba ne. Ba kuma irin jirgin fasinja na dā ba ne, kamar Aureol, wanda ya yi ta kai da kawowa tsakanin Ingila da Ikko daga 1951 har 1974, yana ɗauke da ma'aikata da 'yan makaranta da 'yan mishan. Wanda ya shiga Aureol yana da inda za shi. Wannan kuwa jirgin yawon shaƙatawa ne. Mai hali yakan biya kuɗi ya shiga, ya yi mako guda ko biyu a bisa teku yana ci yana sha yana kallon wasa, sa'an nan a komo da shi tashar da aka ɗauke shi. Girman waɗansunsu ya wuce misali. Wanda ake kira Icon of the Seas, da ya fara aiki a 2024, tsawonsa ya kai mita 365, yana iya ɗaukar fasinja 7,600, ban da ma'aikata fiye da 2,000. Watau gari ne guda a kan ruwa, da ɗakunan kwana, da gidajen abinci, da kantuna, da tafkunan wanka, da babban zauren wasa.

A shekarar 2020 annobar korona ta auka wa wannan sana'a. A watan Fabrairu aka tsare jirgin Diamond Princess a tashar Yokohama ta ƙasar Japan da mutum 3,711 a ciki, fiye da 700 suka kamu da cutar. Ran 14 ga Maris hukumar lafiya ta Amurka ta hana irin waɗannan jirage tashi daga tashoshin ƙasar. Da aka soma buɗe hanya kuwa, ba a yarda a cika su ba. A ƙasar Singafo, daga watan Nuwamba na 2020, an bar jiragen su ɗauki rabin mutanen da suka saba ɗauka, su fita teku su yi 'yan kwanaki, su komo ba tare da sun tsaya a kowace tasha ba. A Amurka sai ran 26 ga Yuni 2021 babban jirgi na fari ya tashi da fasinja masu biya, watau Celebrity Edge, daga jihar Filorida, kuma a cikin kowane gado goma kusan shida ba mai kwana.

Bari mu duba yadda zama yake a cikin irin wannan jirgi. Da fari daɗi ne. Ba layi a wurin abinci. Ba mai riga ka kujera a bakin tafki. Ka ɗaga hannu, ma'aikata biyu sun taso. Abin da mutum ya yi ta gunaguni a kansa, watau cunkoso da hayaniya, duka an kawar masa. Amma da yamma ta yi sai wani abu dabam ya bayyana. Ga ɗakin cin abinci da aka shirya domin ɗaruruwa, an shimfiɗa fararen ƙyallaye, an jera cokula da kofuna, amma tebur ɗaya a nan, wani can nesa, har kana jin ƙarar cokalin wanda ba ka sani ba. Ga makaɗa suna kiɗa da dukan ƙarfinsu a gaban kujeru. Mai ba da dariya ya faɗi maganarsa, dariyar mutum kaɗan ta tashi ta mutu nan da nan, gama dariya aba ce da mutum ke kamawa daga na kusa da shi. Ka bi doguwar hanyar da ke tsakanin ɗakuna, ƙofa bayan ƙofa a rufe, fitilu suna ci, ba motsin kowa. Abinci bai ragu ba, teku bai sāke ba, amma wurin ya zama kamar gidan biki da aka gama shiri, baƙi ba su zo ba.

Ga tambayarmu: me ya sa wurin da mutum dubu suke ciki ya zama kamar kango?

Amsa ta fari kowane Bahaushe ya san ta. Jama'a rahama ce. Allah bai yi mutum domin kaɗaici ba, kuma tuwon da aka ci a taro ya fi naman da aka ci a ɓoye. Wannan gaskiya ne, ya kuma kamata mu riƙe shi, domin sau da yawa mutanen da suke matsa mana su ne suke sa wurin ya yi daɗi, ba mu sani ba sai sun tafi. Amma wannan amsa ba ta isa ba. Ga dalili.

A watan Maris na 2021, lokacin da jiragen shaƙatawa da yawa suke tsaye, wani jirgin kaya mai suna Ever Given ya maƙale a mashigin Suwez na ƙasar Masar, ya toshe hanya kwana 6. Tsawonsa mita 400 ne, ya fi Icon of the Seas tsawo. Mutum nawa ne a cikinsa? Mutum 25. Duk da haka ba wanda ya ce jirgin wofi ne. Duniya duka ta zuba masa ido domin kayan da yake ɗauke da shi, da ɗaruruwan jiragen da suke jira a bayansa. Haka manyan jiragen kaya suke ratsa teku kowace rana da matuƙa wajen ashirin, kowa yana bakin aikinsa, ba wanda ke ƙirga kujeru.

To, ga jirgi mai mutum 25 cike yake, ga mai mutum 1,000 kuwa wofi ne. Ashe ba yawan kawuna ne ke cika wuri ba. Abin da aka yi wurin dominsa, shi ne ke cika shi. Jirgin kaya yana da abin da ya ɗauko, yana da tashar da ya nufa. Jirgin shaƙatawa ba shi da kaya sai taron kansa, ba shi da inda za shi sai inda ya fito. Jama'ar ce kayansa, jama'ar ce kuma abin kallonsa. Idan ta ragu, ba abin da ya saura sai fitilu da kujeru. Mu ma mun san wannan a gida. Kasuwar ƙauye ran da ba ta ci ba, ko da mutum hamsin suna zaune a rumfuna, kowa zai ce ba kowa a kasuwa. Amma gonar da mutum ɗaya yake huɗa a cikinta, ba mai wucewa ya ce gonar nan wofi ce.

Ya ku 'yan'uwa, a nan ne maganar ta iso ƙofarmu. Ekklesiyoyi da yawa a cikinmu sun san kujeru wofi. A waɗansu ƙauyuka samari sun tafi birni neman aiki ko karatu. A waɗansu wurare tashin hankali ya watsa masu bi, waɗanda suka saura ba su kai rabin na dā ba. A waɗansu kuma an buɗe sabon wurin sujada a kusa, mai ganguna da lasifika, jama'a suka kwarara can. Mai wa'azi ya hau bagade ran Lahadi, ya ga benci goma ba kowa, zuciyarsa ta karai. Wannan baƙin ciki ba abin kunya ba ne. Amma ranar ƙarancin mutane rana ce ta gwaji, gama ita ce take nuna wane irin jirgi muke ciki tun dā. Idan abin da yake riƙe da mu shi ne daɗin waƙa a bakin mutum ɗari uku, da ganin sababbin tufafi, da yawan baiko, to, ran da aka ragu za mu ji kamar an mutu. Idan kuwa mun san muna ɗauke da bishara, muna da marasa lafiya da za a gaishe su, da gwauraye da za a taimaka, da yara da za a koya wa karatun Littafi Mai Tsarki, to, mutum goma sha biyu ma ba za su sami lokacin ƙirga benci ba.

Ubangijinmu Yesu ya san wannan gwaji. A cikin Yohanna sura 6 ya ciyar da maza wajen 5,000, taron kuwa ya bi shi har hayin teku. Amma ya gaya musu a fili cewa saboda gurasa suke nemansa. Da ya koya musu magana mai wuya, da yawa cikin almajiransa suka koma da baya. Bai sassauta maganar domin ya tsai da su ba, bai kuma ƙara gurasa ba. Ya juya ya tambayi sha biyun ko su ma suna so su tafi. Taron ya watse, amma aikin bai ragu da kome ba, domin kayan yana nan, hanyar Urushalima kuma tana nan. Jirgin Nuhu ma, da dukan girmansa, mutum 8 ne kaɗai a ciki, kamar yadda Bitrus ya tuna mana a wasiƙarsa ta fari. Kuma a tarihinmu, 'yan mishan da suka sauka Ikko a 1893 da niyyar kawo bishara ƙasar Sudan su uku ne: Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham. Biyu suka mutu a 1894, Bingham kaɗai ya koma. Wanda ya auna su da ƙidaya a shekarar nan zai ce aikin banza ne. Yau masu bi da suka fito daga wannan aiki sun wuce a tara su a fili ɗaya.

Wani zai ce, "Ashe ke nan mu zauna mu gode wa Allah domin kujeru wofi, mu ce mu ne 'yan kaɗan masu gaskiya?" Ko kaɗan. Wannan ma tarko ne, kuma ragwaye da masu girmankai suna son faɗawa ciki. Akwai ekklesiyar da ta ragu domin ta riƙe gaskiya, akwai kuma wadda ta ragu domin dattawa suna faɗa, ko domin baƙo ya zo ba wanda ya ce masa sannu. Ƙaranci ba shaidar tsarki ba ne, kamar yadda yawa ba shaidar albarka ba ne. A cikin Luka sura 14 Yesu ya ba da misalin mutumin da ya shirya babban biki, waɗanda aka gayyata suka kawo hujjoji. Maigidan bai ce madalla, abinci zai ishe mu ba. Ya husata, ya aiki bawansa cikin titunan gari, ya sāke aikensa zuwa hanyoyi da shinge, domin yana so gidansa ya cika. Allah yana son yawa. Amma dubi bambancin. Maigidan ba domin ɗakin ya yi kyaun gani ya nemi mutane ba, ba kuwa domin makaɗa su sami masu tafi ba. Ya neme su domin suna jin yunwa, abinci kuwa yana nan. Kowace kujera wofi a gabanmu sunan wani ne wanda ba ya nan. Idan muka dube ta muka ji kunyar kanmu, muna cikin jirgin shaƙatawa. Idan muka dube ta muka tuna da mai ita, muka tashi muka tafi gidansa, muna cikin jirgin kaya.

Akwai kuma waɗansu mutane a cikin jirgin nan da bai kamata mu manta da su ba, watau ma'aikata. Da yawansu daga Filifin da Indonesiya da Indiya suke, sukan bar iyalinsu watanni da dama, wani rabo na abin da suke samu kuwa daga kuɗin kyauta ne da ake karɓa a kan kowane fasinja. A 2020 dubbansu suka yi watanni a tsare cikin jirage, ƙasashe sun ƙi a sauke su. Saboda haka ɗakin da ba kowa, wanda ya zama wa mai kuɗi sararin miƙe ƙafa, ga mai shara ragin abincin 'ya'yansa ne. Duk da haka da aka koma aiki ya gyara gado, ya goge tebur, ya jera cokula daidai kamar ran da aka cika. A gare shi jirgin bai taɓa zama wurin shaƙatawa ba. Wurin aiki ne, yana kuwa da waɗanda yake yi dominsu a gida. A cikin jirgi ɗaya, a dare ɗaya, fasinja yana jin wurin kamar kango, ma'aikaci kuwa hannunsa cike yake.

Wannan ya nuna mana cewa ba lalle sai mun sāke ekklesiya kafin mu sāke jirgi ba. Mutum biyu suna zaune a benci ɗaya, ɗaya fasinja, ɗaya matuƙi. Fasinja yakan zo ya ga abin da aka shirya masa, ya auna waƙa, ya auna wa'azi, idan wurin ya yi sanyi ya nemi wani jirgi. Matuƙi yakan zo da wuri ya share ɗaki, ya lura da wanda bai zo ba, ya tsaya bayan an tashi. Hutu ba zunubi ba ne, taro mai yawa kuma kyauta ce daga Allah, idan ya ba mu sai mu yi murna da shi. Amma ba a kira mu cikin ekklesiya domin a zaga da mu a komo da mu inda aka ɗauke mu ba.

Saboda haka, mai wa'azi, idan mutum bakwai ne suka zo ran Lahadi mai zuwa, ka shirya musu Maganar Allah kamar yadda za ka shirya wa ɗari bakwai, gama yunwar kowane ɗayansu ba ta ragu da rashin sauran ba. Dattawa, kada ku tashi daga taron addu'a sai kun kira sunayen waɗanda suka daina zuwa, kun raba su a tsakaninku, kowa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa a cikin makon. Ku mata masu zumunta da ku samari, ku tambayi kanku abin da aka danƙa a hannunku, ko kun san shi. Ubangiji ya taimake mu mu zama masu aminci a cikin yawa da cikin ƙaranci, har ran da zai kai mu tasha.