Imani da Aiki: Abin Lura a Gardamar Nasara

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya ƴan'uwa Musulmi, a shekarar 1517 wani malamin coci mai suna Martin Luta ya tashi a garin Witenbag na ƙasar Jamus yana sukar sayar da takardun gafara. Ya kafa hujja da wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, cewa bangaskiya kaɗai ke kuɓutar da mutum, ayyukan alheri kuwa ƴaƴanta ne. Cocin Katolika ta ƙi wannan magana a taron Tirento a 1547. Sai a 1999 ɓangarorin biyu suka sa hannu kan matsaya guda.

Wannan gardama ba baƙuwa ba ce gare mu. Murji'a sun ce saɓo ba ya cutar da imani, Hawarijawa kuma suka kafirta mai babban zunubi. Ahlus Sunna suka tsaya tsakani, kamar yadda muka karanta a Risala ta Ibnu Abi Zaid: imani ya game zuciya da harshe da gaɓoɓi, yana ƙaruwa, yana raguwa.

Mun yarda gafarar Allah ba hajar kasuwa ba ce, kuma hadisi ya tabbatar babu mai shiga Aljanna sai da rahamarsa. Amma rahama ba ta ɗauke wa bawa aiki ba. Saboda haka mutum biyu muke ji wa tsoro: mai tauye mudu yana dogara ga kalmar shahada, da mai ƙirga nafilolinsa kamar yana bin Ubangiji bashi.

Allah ya tsare mu da halin duka biyun, amin.