Zuhal Ya Sauya Gida, Mu Muna Jiran Wata

Daren 29 ga Maris, 2025, mu a Kafin Dafga kunnuwanmu na kan rediyo, muna jiran sanarwar Sarkin Musulmi game da watan Shawwal. A wannan ranar ce masu duban taurari na Indiya suka ce Zuhal, wanda suke kira Shani, ya fita daga burjin Guga ya shiga burjin Kifi. Labarin ya iske samarinmu a waya, ga shi kuma finafinan Indiya na fassara sun daɗe da saba mana da boka mai duba takardar haihuwa kafin a ɗaura aure.

Zuhal na ɗaukar kusan shekara 29 da rabi kafin ya zagaye rana, don haka yakan yi kamar shekara biyu da rabi a kowane burji. A wurinsu, idan ya shiga burjin da ke kafin wanda wata yake ciki ranar da aka haife ka, ka faɗa “sade sati”: shekara bakwai da rabi na tsanani, har sai ya wuce burji uku. Uku cikin goma sha biyu ke nan. A kowane lokaci, mutum ɗaya cikin huɗu a duniya yana ciki.

Mu da muke rubuta manhaja mun san yadda ake haɗa irin wannan. Kashi biyu ne. Na farko lissafi ne tsantsa, ka ba shi rana da sa'a ya faɗa maka inda Zuhal yake, kuma ba ya kuskure. Na biyu jerin jimloli ne da wani ya zauna ya buga da hannunsa: asara, jinkirin aure, rashin lafiya. Mai waya yana ganin su a shafi guda, sai amincin na farko ya rufa wa na biyu asiri. Ko iyakar burjin ma yarjejeniya ce. Masu duba na Turai sun ce tun Maris na 2023 Zuhal ya shiga Kifi, domin ma'auninsu ya bambanta da na Lahiri, wanda aka fi bi a Indiya, da kusan digiri 24. A cikin manhaja, layi ɗaya za ka sauya, shekarun wahalar mutum su matsa.

Kada mu yi wa Indiyawa dariya. Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya bar littafi sukutum kan ilmin taurari da asirai, kuma har gobe muna da masu hisabi da bugun ƙasa. Dattawanmu manoma ma suna duban sama, amma duban nasu daban ne. Kaza da 'ya'yanta agogo ce a wurinsu, ɓacewarta da fitowarta na nuna inda shekara ta kai. Idan ruwa ya yi jinkiri, kowa zai gani a gonarsa. Mai cewa Zuhal zai takura ka ba ya taɓa faɗuwa: ka wahala, ya faɗa; ka ji daɗi, ai darasi ka ɗauka.

To me mutane ke saye a wurinsa? A ganinmu ranar ƙarewa ce. Wahalar da aka ce za ta ƙare shekara kaza ta fi sauƙin ɗauka, kuma ba ma raina wannan buƙata. Mu ma “lokaci ne” muke ce wa juna a zaman makoki.

Inda muka rabu da su shi ne wurin ɗora laifi. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota zuwa Kano da na buhun taki bai tambayi kowa burjinsa ba. Mai noman rani a bakin madatsar Challawa, wanda man injin ban-ruwa ya gagare shi, da wanda aka haifa a Kifi da wanda ko shekarar haihuwarsa bai riƙe ba, farashi ɗaya suka biya. Wannan shawara ce da mutane masu suna suka yanke, ana iya tambayarsu, ana iya ƙin zaɓensu. Zuhal kuwa yana can nisan fiye da kilomita biliyan ɗaya, kuma ba ya neman ƙuri'ar kowa a Ƙaraye.