Jinya: Sana'a ce ko Jinƙai?

Tun asali a ƙasar Hausa jinya aikin dangi ne. Uwa ko ƙanwa ce ke kwana kusa da majinyaci. To, wanda ba shi da kowa fa, wa zai yi jinyarsa?

Wannan tambaya ce ta haifi sana'ar nas. A 1633, a ƙasar Faransa, Waliyi Vincent de Paul da Waliyiya Louise de Marillac suka tara 'yan matan karkara, suka koya musu jinyar matalauta. A 1860 kuma Florence Nightingale ta buɗe makarantar jinya a Landan, domin a Yaƙin Kirimiya ta ga cututtuka sun fi harsashi kashe sojoji. Ashe tausayi yana bukatar ilimi.

Ilimi ma yana bukatar tausayi. Nas ɗin da ta tsaya a bakin aikinta a Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa, inda 'yan bindiga suka addabi ƙauyuka, ba albashi kaɗai ya riƙe ta ba. Tun da muna so ta ɗauki baƙo tamkar ɗan'uwanta, wajibi ne mu ɗauke ta 'yarmu, mu kare mutuncinta, mu nema mata tsaro, mu sa ta cikin addu'a.