Hukuncin La'adar Mai Saye a Gwanjon Tsofaffin Motoci

Tambaya: A gwanjon tsofaffin motocin alfarma a Turai da Amurka, bayan an buga guduma kamfanin gwanjo yakan ɗora wa mai saye wani kaso a kan abin da ya taya, alhali yana karɓar la'ada a wajen mai motar. Shin wannan ƙari halal ne?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Cinikin gwanjo halal ne a wajen mafi yawan malamai. Hanin da ya zo kan mutum ya yi tayi a kan tayin ɗan'uwansa, Imamu Malik ya fassara shi a Muwaɗɗa da lokacin da mai kaya ya riga ya karkata ga sallamawa, kuma a gwanjo ba a sallama sai ga tayin ƙarshe. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta tabbatar da halaccinsa a zamanta na Burunai a 1993.

Kason da ake ɗora wa mai saye kuwa ladan dillanci ne, kuma Bukhari ya ambata cewa Ibn Sirin da Aɗa'u da Hasanul Basri ba su ga laifin ladan dillali ba. Kamfanin ya yi wa mai saye aiki na zahiri, domin ya tara motocin, ya bincika tarihinsu da takardunsu. Karɓa daga ɓangarori biyu ba ya ɓata cinikin muddin kowa ya sani. Wani zai ce sharaɗin lada shi ne a san adadinsa, nan kuwa kaso ne na farashin da bai tsaya ba. Wannan suka ce mai ƙarfi, amma jahilcin da ke ɓata ciniki shi ne wanda ke jawo husuma, kuma a nan ana bayyana kason tun kafin a buɗe tayi. Misali, kamfanin gwanjo na RM Sotheby's a Amurka kan karɓi kashi 12 cikin 100 na dala 250,000 na farko, da kashi 10 na abin da ya haura. Wanda ya taya dala miliyan 1 ya san tun yana ɗaga hannu cewa dala 105,000 za ta hau kai. Riba kuma ba ta shigo ba, tunda ba bashi aka bayar ba.

Tsadar ma ba ta haramta cinikin, ko da ta kai ta Marsandi 300 SLR ƙirar 1955 da aka sayar Yuro miliyan 135 a Jamus a 2022, domin shari'a ta bar farashi ga yardar masu ciniki. Sai dai wanda ya saya don alfahari, ko ya tauye haƙƙin iyalinsa, zunubin almubazzaranci na kansa.

Abin da na fi ji wa mai tambaya tsoro shi ne najashi, wato a yi tayin ƙarya don a ingiza farashi, wanda Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya haramta. A wasu wuraren doka ta yarda mai guduma ya riƙa kiran tayi a madadin mai mota har a kai farashin da mai motar ya ƙayyade. Yardar doka ba ta mayar da yaudara halal ba, kuma a mazhabar Malikiyya wanda aka yi wa najashi da sanin mai kaya yana da zaɓin warware cinikin.

Saboda haka biyan wannan la'ada halal ne idan an bayyana ta kafin tayi kuma ba a ɓoye aibin motar ba. Allah ne mafi sani.